Yadda na auna ɗakin ibadar Odda a ƙauyen Deerhurst

A zango na biyu na karatun da ya kai ni Ingila, malamar da ke koya mana adana tsofaffin gine-gine ta raba wa kowa gini guda. Aikin kashi uku ne: ka je ka auna shi da hannunka, ka zana taswirarsa, sannan ka rubuta shekarunsa tare da hujjar da ka dogara a kanta. Ni abin da ya faɗo mini shi ne wata ƙaramar majami'a a ƙauyen Deerhurst da ke lardin Gloucestershire, wadda ake kira ɗakin ibadar Odda. Ban taɓa jin sunan ba sai ran nan.

Ni jikan magina ne. A gidanmu na Zariya na tashi ina ganin ana buga tubali, ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, ana jera azara. Baffana, yayan mahaifina, har yau idan ya shiga ɗaki bango yake fara kallo kafin ya kalli mai ɗakin. Da na gaya masa a waya cewa coci aka ba ni, sai ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To, ai ba ibada za ka yi ba, aiki za ka duba. Ka dubo mini yadda suka ɗaura bakan." Da wannan na samu natsuwa.

Makon farko a ɗakin karatu na yi shi, kuma tun a rana ta biyu na ɗauka aikin ya ƙare. Littattafai duk sun haɗu a kan magana ɗaya: an keɓe ginin ranar 12 ga Afrilu, 1056. Ba shekara kaɗai ba, har da rana. A tsofaffin gine-ginen Ingila na kafin zuwan Normawa, mutanen Normandi ta arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, samun irin wannan abu ne mai wuyar gaske. Dalili shi ne wani dutse mai rubutun Latin da aka tono a 1675 a wani lambun itatuwa na ƙauyen, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Ashmolean a birnin Oxford. Na rubuta shafi biyu na kai wa malama da murnata.

Ta karanta, ta ajiye, ta yi mini tambaya ɗaya: wa ya gaya maka dutsen na wannan ginin ne? A cikin ƙasa aka tsince shi, ba a jikin bango ba. Kuma tsakanin tono shi da gane cewa akwai wata majami'a a wurin, an yi shekara sama da 200. Ta ce in je in ga dutsen da idona, in lissafa ranar da kaina, sannan in je in tambayi bangon ko ya yarda.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Oxford. Dutsen bai kai girman da na zata ba, allo ne mai faɗi da haruffa a tsare, wasu ma an cusa ƙananansu cikin manya don wuri ya isa. Na zauna gabansa da ƙamus na kusan awa biyu ina kwafa. Ma'anarsa ita ce: Odda ya ba da umarni a gina wannan zauren sarauta, a keɓe shi don girmama Triniti Mai Tsarki (wato Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a aƙidar Kirista) da kuma domin ran ɗan'uwansa Ælfric wanda aka ɗauke daga wannan wuri, Bishof Ealdred ne ya keɓe shi, a rana ta biyu kafin tsakiyar Afrilu, a shekara ta 14 ta sarautar Edward sarkin Ingilishi.

Babu 1056 ko'ina a jikin dutsen. Lissafi ne ke kawo ta, kuma a nan na fara tuntuɓe. Rumawa ba sa ƙirga ranakun wata yadda muke yi, baya-baya suke ƙirgawa daga wasu ranaku sanannu, ɗaya daga ciki ita ce ranar tsakiyar wata. Na ɗauka kullum 15 ce, sai lissafina ya ba ni 14 ga Afrilu, ya saɓa wa littattafai. Na kwana ina tunanin ko su ne suka yi kuskure. Ashe a watanni huɗu ne kawai take faɗawa 15, wato Maris, Mayu, Yuli da Oktoba. A Afrilu 13 ce. Kuma suna haɗawa da ranar kanta a ƙirga, don haka ta biyu kafin 13 ita ce 12. Shekarar kuwa ta fi daɗin warwarewa. Edward ya hau mulki a watan Yuni na 1042, amma sai 3 ga Afrilu, 1043 aka naɗa shi. Ka ƙirga daga hawa, shekara ta 14 ta faro daga Yunin 1055 zuwa Yunin 1056. Ka ƙirga daga naɗi, ta faro daga 3 ga Afrilun 1056. Ta duk inda ka bi, 12 ga Afrilu a 1056 take faɗawa. Na juya ta zuwa tamu kalandar don in ji nisan a jikina: farkon shekara ta 448 bayan Hijira ke nan, zamanin da tarihin Kano ke cewa Bagauda ne a kan gado.

Mutanen da dutsen ya ambata duk sanannu ne. Odda dangin Sarki Edward ne na jini, kuma a 1051, lokacin da sarkin ya kori babban basarake Godwin da 'ya'yansa daga ƙasar, an danƙa masa mulkin wasu lardunan yamma. Ælfric ya mutu a Deerhurst a watan Disamba na 1053. Odda kansa bai yi wata biyar ba bayan keɓe ginin ya bi shi, a ƙarshen Agustan 1056, bayan ya shiga zuhudu, aka binne shi a gidan zuhudu na Pershore. Ealdred kuwa, wanda a lokacin yake bishof na Worcester, shi ne daga baya ya zama babban bishof na York, ya ɗora wa William na Normandi kambun sarauta ranar Kirsimeti ta 1066. Wannan ya tsaya mini a rai. Mutum ya gina wa ɗan'uwansa abin tunawa, ya mutu, shekara goma bayan nan duniyar da ya sani ta kife, manyan majami'un zamaninsa Normawa suka rushe suka sake, amma nasa ɗan ƙaramin ɗakin yana nan.

Sai zuwa ƙauyen. Na rubuta wa masu kula da wurin, hukumar English Heritage, na sanar da su abin da zan yi. Dokar a fili take: babu ƙusa, babu alli, babu kankara, babu jingina tsani. Na ɗauki tef na awo, da 'yar na'urar da ke auna nisa da haske, da takarda mai gida-gida, da tocila. Daga garin Tewkesbury na bi hanyar ƙafa da ke gefen Kogin Severn, tafiyar kamar awa guda cikin ciyawa da laka da shanu. Kafin ka shiga ƙauyen za ka ga ganuwar ƙasa da ƙofofin tare ruwa, domin kogin ba ya wasa da su. Ambaliyar watan Yuli na 2007 har yau ana zancenta a yankin.

Da na iso sai na wuce ginin ban sani ba. Abin da ido ke fara gani gida ne na manoma, mai bangon katako baƙi da fari, irin na ƙarni na 16 da na 17, wanda ake kira Abbot's Court. Sunan ya samo asali ne daga lokacin da ƙasar ta koma hannun gidan zuhudu na Westminster bayan mutuwar Odda. A jikin gidan ta yamma akwai wani dogon gini na dutse, ba hasumiya, ba ado, kamar rumbu. Shi ne majami'ar.

Ciki ɗaki biyu ne kacal. Na farko shi ne inda jama'a ke tsayuwa, tsawonsa ya kusa mita 8, faɗinsa ya kusa mita 5. Na biyu ƙarami ne, inda bagade yake a da. Tsakaninsu baka guda. Babu kujeru, babu kowa, sai sanyi da warin danshi. Abin da ya fara kama ni shi ne tsayin bangon idan ka gwada shi da kaurinsa. Mu a ginin ƙasa tushe ake fara yi da kauri, bango ya riƙa ramewa yana hawa. Nan kuwa bangon siriri ne, bai kai mita guda ba, ya miƙe sama ɗoɗar. Malama ta riga ta gaya mana wannan alama ce ta maginan kafin Normawa, domin Normawa bango mai kauri suke yi. Amma gani ya kori ji.

Na fara awo. Na auna bango huɗu na babban ɗakin, na auna na ƙaramin, na auna ƙofa da tagogi da bakan, na rubuta komai tsaf. Yamma ta yi na kama hanya. Da na zauna zana taswira a gida, sai layukan suka ƙi haɗuwa. Na ja bango na farko, na biyu, na uku, na huɗun ya zo ya wuce kusurwa. Na goge na sake har sau uku. Laifin nawa ne: na ɗauka kusurwoyin duk a daidaice suke kamar na ginin bulo, ban auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ba. In ba ka da wannan awo na gicciye, tsawon bango huɗu ba zai gaya maka siffar ɗaki ba. Na kira Baffa ina ba shi labari, ya ce, "Haba ɗana, ai ko shigifa za ka fitar sai ka ja igiya ta tsakiya. Wa ya ce maka ɗakin da hannu ya gina yana da kusurwar akwati?"

Dole na koma. Sai dai ruwa ya sauka kwana da kwanaki, Severn ya cika ya shafe hanyar ƙafa, na yi jiran kusan mako biyu. Wannan jiran ne ya zame mini alheri, domin a cikinsa na koma kan tambayar malama, na bi labarin yadda aka gano ginin.

Ga yadda abin ya faru. Bayan an daina ibada a ciki, sai aka haɗe ɗakin da gidan manoman. Babban ɗakin ya zama madafa, aka huda bango aka yi murhu da mafitar hayaƙi, aka buɗe sababbin tagogi aka toshe tsofaffi. A ƙaramin ɗakin aka sa daɓen katako aka raba shi sama da ƙasa, ya zama wurin kwana. Aka shafe komai da yaɓe. Iyali bayan iyali suka yi ta girki a ciki ba wanda ya san inda yake tsaye. Dutsen da aka tono a 1675 kuwa, an daɗe ana danganta shi da babbar majami'ar ƙauyen da ke 'yan taku kaɗan daga wurin. Sai wani limamin cocin mai suna George Butterworth ya lura da abin da bai daidaita ba. Babbar majami'ar da sunan Maryamu aka keɓe ta, dutsen kuwa Triniti yake cewa. Kuma tsohon tarihin gidan zuhudu na Tewkesbury ya ambaci wani ƙaramin ɗakin ibada da ke fuskantar ƙofar gidan zuhudun Deerhurst. A 1885, ana gyaran gidan manoman, aka ɓamɓare yaɓe sai ga tsohuwar taga a toshe. Aka ci gaba da ɓamɓara, sai ga baka. Sannan a jikin ginin mafitar hayaƙi aka samu guntun wani dutse na biyu, an sassare shi an yi gini da shi, rubutun da ya rage a kansa yana nuna cewa an keɓe wannan bagade ne don girmama Triniti.

Wannan guntun shi ne abin da nake nema. Dutse na farko yana da rana amma ba shi da gida. Na biyu ba shi da rana amma a cikin gidan aka same shi, kuma suna ɗaya suke kira. Tarihin Tewkesbury ya faɗi wurin. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan aikin: ba ka karɓar magana don ta yi daɗi, sai ka bi ta mutum bayan mutum ka ga ko igiyar ta tsinke a wani wuri. Saura shaidar bangon kansa.

Ranar da na koma na zo da wuri, na fara da awon gicciye a ɗakunan biyu, sannan na ajiye tef na ɗauki tocila. Dabarar da aka koya mana ita ce ka manna hasken a jikin bango ya kwanta, kada ka haska shi kai tsaye. Nan take duk wani tudu da kwari ya fito da inuwarsa, inda aka toshe da inda aka huda suka rabu da asalin gini. Na bi bangon taku-taku ina shafa launi a takardata, launi ɗaya na ginin farko, ɗaya na zamanin madafa, ɗaya na gyaran baya-bayan nan.

Alamomin ginin farko guda uku ne suka fi fitowa. A kusurwoyin waje an jera duwatsu ɗaya a tsaye dogo, ɗaya a kwance mai faɗi, haka har sama; na kwancen yana cizon bango ya riƙe na tsayen. Tagogin asali ƙanana ne, can sama, kuma bakinsu a buɗe yake ta ciki da ta waje, matsatsin yana tsakiyar bango, don ɗan ƙaramin rami ya jawo haske mai yawa. Sai bakan, wanda na fi daɗewa a gabansa saboda saƙon Baffa. Duwatsun ƙafafunsa manya ne, suna ratsa kaurin bangon daga fuska zuwa fuska. Shi kansa bakan ya ɗan zarce rabin da'ira, ya tsuke kaɗan a ƙasa kamar kofaton doki. Namu bakan gizo da azara ake ɗaura shi, ana turo itace kan itace daga gefe biyu har su haɗu, ƙasa ta rufe. Nasu nauyi ne kawai ke riƙe da shi, kowane dutse yana danne maƙwabcinsa. Waɗannan alamomi ba za su ba ka shekara ba, domin an yi ta amfani da su tsawon lokaci kafin 1066. Abin da suke yi shi ne su ƙi ƙaryata dutsen. A rahotona haka na rubuta shi: bango ya ba da zamani, dutse ya ba da rana, guntun bagade ya ɗaure su.

Kafin in tafi na leƙa babbar majami'ar Maryamu, wadda ta girmi ta Odda da ɗaruruwan shekaru. Akwai wata kwatarniyar baftisma ta dutse ta ƙarni na 9, jikinta duk zanen murɗe-murɗe, ita ma ta taɓa ɓata har ta kai gidan gona kafin a dawo da ita a ƙarni na 19. A kusa da ƙauyen ne kuma Sarki Edmund da Cnut, ɗan sarkin Denmark, suka haɗu suka raba Ingila a tsakaninsu a 1016. Ban daɗe ba, aikina ba a nan yake ba.

Akwai wurin da muka saɓa da wasu abokan karatuna. Su a ganinsu mayar da majami'ar madafa ɓarna ce, kuma manoman sun ci zarafin ginin. Ni ban yarda ba, kuma na rubuta hakan. Gaskiya sun huda bango, sun sassare dutsen bagade. Amma su ne suka riƙe rufi a kansa ɗaruruwan shekaru. Duk ɗan magini ya san gini ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne, kuma ɗakin da ba a kwana a ciki ba wanda ke hawa ya duba indararonsa. Da an bar shi kango, da maƙwabta sun kwashe duwatsun sun yi shinge. Matar da ke girki ba za ta yarda ruwa ya zuba mata a tukunya ba, wannan kaɗai ya isa ya tsare bangon da bishof ya keɓe. Shi ya sa na ji daɗi da masu gyara ba su kankare duk alamun zamanin madafar ba, har yanzu ana ganin inda gidan ya shiga jikin majami'ar. Na tuna da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani na shekarun 1830, wanda a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na ginin ƙasarsa cikin sabon gini na siminti. Mutane da dama suna jin zafin abin da aka rasa a wurin, ni ma ina ji. Amma ginshiƙan da bakunan da aka rufe suna nan ana salla a ƙarƙashinsu.

Taswirar ta haɗu a zama ɗaya da na sa awon gicciye. Ɗakin ya ɗan karkace, abin da ido ba ya gani sai takarda. Malama ta karɓi rahoton, ta ja layi ƙarƙashin wuri ɗaya inda na rubuta "an gina a 1056", ta ce dutsen keɓewa ya faɗa, ba gini ba, wataƙila tun bayan mutuwar Ælfric aka fara aikin. Na gyara.

Na tura wa Baffa hotunan bakan ta wayar ƙanena. Ya daɗe yana kallo, in ji shi, sannan ya karɓi wayar ya tambaye ni da me suka haɗa duwatsun. Na ce kwaɓin farar ƙasa da yashi, kuma ko yanzu in za a gyara ba a yarda a sa siminti, domin siminti yana kulle danshi a cikin bango. Ya ce ai abin da yake faɗa wa mutane ke nan a kan zauren gidanmu tun da aka fara zancen shafe shi da siminti, ba mai saurarensa. Zauren kakan kakanmu ne ya ɗaura shi, kuma babu takarda ko ɗaya da ta nuna awonsa. Na ce masa in na dawo hutu zan auna shi.

"Kada ka jira hutu," in ji shi. "Bangon gabas ya fara buɗe baki, damina kuma ta ƙarato. Turo mini yadda kake so a auna, ni da ƙanenka mu ja igiyar gobe."